Makarar Inna a Rami na Bakwai

Daren jiya Barira ta yi wani mafarki, kuma ga yadda ya kasance.

Amma sai an fara sanin Barira. Sana'arta zanen filaye: lambunan otal, filayen makarantu, wuraren shan iska. Kwanan nan Kulob ɗin Dutsen Gawo ya ɗauke ta aiki, wato tsohon filin golf da ke bayan gari, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Ba kowa ke shiga wurin ba sai wanda mambobi suka tsaya masa. Ramuka goma sha takwas ne a filin, kowanne da doguwar shimfiɗar ciyawa da ake bi da ƙwallo har a jefa ta ciki. Na bakwai ne ya fita daban, don ya karye a tsakiya kamar gwiwar hannu, ya kauce wa wata 'yar hanyar ƙafa. Ta wannan hanyar mutanen ƙauyen Gangare ke bi da gawa zuwa maƙabartarsu. Shugaban kulob, Alhaji Lawandi, so yake a miƙar da ramin, ciyawa ta hau kan hanyar, masu gawa su riƙa zagayawa ta babban titi inda tireloli ke wucewa. Abin da Alhaji bai sani ba, mahaifiyar Barira, Inna Delu, 'yar Gangare ce, tana can da ranta, iyayen Innar da 'yan'uwanta duk a wannan maƙabartar suke kwance. Barira ba ta faɗa masa ba. Cewa ta yi za ta duba. Da wannan "zan duba" ta kwanta.

Sai ta ga kanta da hantsi a ƙofar kulob. Ƙofar ce kaɗai a tsaye, babu katanga ta dama, babu ta hagu, fili fetal. Duk da haka manyan mutane sun yi layi a gabanta, kowa da jakar sandunansa a kafaɗa, suna jira a buɗe musu. Mai gadin balbela ce, sanye da farin kwat mai maɓallan zinariya, tana tsaye da ƙafa ɗaya.

"Su wa suka tsaya miki?" in ji balbela.

"Aiki aka kira ni."

"Ko aiki ne sai mambobi biyu sun tsaya miki. Kuma sai waɗanda suka rasu. Masu rai suna canza magana."

"To ina zan same su?"

"Suna ciki."

"Bari in shiga in kira su."

"Su wa suka tsaya miki?"

Barira ta dubi ƙofar, ta dubi filin da ke gefenta. Ta gyara mayafi, ta zagaya ta gefe ta shige. Mutanen layi suka ja numfashi gaba ɗaya. Balbela ta sauke ɗaya ƙafar, abin da aka ce tun zamanin Turawa ba a ga ta yi ba.

"Ba a taɓa yin haka ba," in ji ta.

"Ai ga shi an yi," in ji Barira.

Can ciki ciyawa ce kore shar, ido ba ya kai wa ƙarshenta. Wanzamai ne ke aske ta. Sun durƙusa sahu-sahu da asakensu suna bin ta tsinke-tsinke, in sun gama aske wani wuri su nuna masa madubi. Wani mutum mai jar hula yana biye da su, yana yi wa ciyawar magana ƙasa-ƙasa.

"Tafinta ne," in ji wata murya a bayanta. "Ta jirgin ruwa aka kawo ta. Har yau ba ta jin Hausa."

Alhaji Lawandi ne, a cikin 'yar motar nan mara ƙofa da ake yawo da ita a filin, da wandonsa mai gida-gida da hular rana. Barira ta gaishe shi, ya ce ta hau. Motar ba ta shan mai, da magana take tafiya. In Alhaji ya yi shiru sai ta tsaya cak. Don haka ya kama ba ta tarihi.

"Bature Mai Lema ne ya kafa wurin nan, Injiniya, tun garin nan bai san kwalta ba. Da ramuka tara ya fara. Sauran taran a nan aka haife su. A lokacin babu ciyawa ko tsinke. Yashi ake kwaɓawa da baƙin mai a daɓe bakin kowane rami, a ja buhu a kai ya yi sumul. Da Turawa suka tafi suka bar mana filin da dokokinsa, mun riƙe, ba mu zubar da ko ɗaya ba. Har dokar da ta hana mu shiga tana nan, muna bin ta duk ranar Laraba."

Ya tsaya shan numfashi, mota ta tsaya. Ya ci gaba, ta ci gaba.

"Kin ga kwarin yashin can? Daidai inda mai girman kai ke jefa ƙwallonsa aka haƙa shi. Kududdufin can kuwa na matsoraci ne. Duk tudun da kika gani a nan da dalili aka tara shi."

Wannan kam Barira ta yarda. Ta sha zagaya filin da ƙafa ido biyu, ta san wanda ya tsara shi ba wawa ba ne, kuma a ranta tana son wurin. Kwarin yashin ya ɗago ya gaishe su, ta amsa.

Sai ga su a rami na bakwai.

Ƙarti ne suka kama shimfiɗar ciyawar ta baki biyu, kamar masu wanki sun kama zanin gado, suna ja. Ƙasa tana nishi. Wata tsamiya da ke kan gwiwar lanƙwasar ta kafa saiwoyinta ta riƙe, sai zufa take yi. Sun riga sun jawo ciyawar ta hau kan hanyar Gangare, amma hanyar ta ƙi ɓacewa. Ta fito ta cikin koren, ja, siririya, kamar tabon ƙuna.

Aka turo wa Barira dutsen guga, girmansa ya kai kwale-kwale, cike da garwashi.

"Saura wannan yamutsin," in ji Alhaji. "Goge mana shi, Injiniya. Asalin zanen Bature a miƙe yake. Gyara muke yi, ba ɓarna ba."

"Zan duba," ta ji bakinta ya ce. Ta ji haushin bakin.

A bakin ciyawar, inda hanya ta shigo, mutanen Gangare ne tsaye da makara a kafaɗa, limaminsu Malam Sallau yana gaba. Sun daɗe suna jira, har kabewa ta yaɗo ta naɗe ƙafar ɗayansu ta yi 'ya'ya. A kan makarar Inna Delu ce zaune, ta tanƙwashe ƙafa, da faranti a cinya tana ɓarar gyaɗa.

Barira ta zabura. Ta saki dutsen gugar ta ruga.

"Inna! Me ya same ki?"

"Babu abin da ya same ni. Ƙalau nake."

"To me kike yi a kan makara?"

"Gwaji. An ce za a rufe hanya, na ce su ɗauke ni in gani da idona tun ina iya magana. Ranar da za a yi ta gaske ai ba za a tambaye ni ba." Ta hure ɓawon gyaɗa. "Ni ba za a bi da ni ta titi tireloli suna yi mini hon ba. Ta nan aka bi da Babanmu, ta nan aka bi da Kawunki Ilu. Malam, wai me muke jira ne?"

Malam Sallau ya yi nuni da haɓa. "An ce sai mai guga ya zo."

Inna ta dubi dutsen gugar, ta dubi 'yarta. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Da zagin ta ta yi da ya fi wa Barira sauƙi.

Barira ta koma wajen Alhaji ta ce sai ta ji daga bakin mai zanen. Aka ce mata ai yana nan kusa, cikin wani kwarin yashi. Ƙwallonsa ce ta faɗa tun kafin a ba da mulkin kai, yana ta ƙoƙarin fitar da ita.

Ta same shi a can, dogo, jajir, lema a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. In ka dube shi ta gaba mutum ne sosai. Ta gefe kuwa bai fi kaurin kwali ba, don shi ne hoton da ke rataye a zauren kulob.

"Ranka ya daɗe, an ce a miƙe ka zana na bakwai."

"A miƙe na zana," in ji Bature Mai Lema. "Na kafa turaku, na ja igiya. Aka yi rasuwa a Gangare, suka zo da gawa suka tsallake igiyar. Na sa 'yan doka su tsare wurin. Suka zo da wata gawar, suka ajiye ta a gaban 'yan doka, suka zauna. Rana ta yi zafi. 'Yan doka suka tuɓe takalma suka bi su salla. Ni kuwa ina da wasa da yamma." Ya kai wa ƙwallo duka, yashi ya tashi, ƙwallo tana nan inda take. "Sai na karya ramin. Kuma ya zo ya fi duk sauran kyau. Mai ƙarfin zuciya ya ɗaga ƙwallo ta saman tsamiya, mai haƙuri ya zagaya. Daga nesa ake zuwa don shi. Na ce musu ni na ƙirƙiro."

"To zo ka faɗa musu haka."

"Ba a yarda wanda ya kafa kulob ya yi magana ba. Doka ce. Ni na sa ta."

Yana rufe baki wasu masu fararen safar hannu suka zo, suka ɗauke shi ta gefe-gefe suka tafi da shi. Lemar ta rage a tsaye ita kaɗai, tana yi wa yashi inuwa.

Sai ga Barira a zauren kwamiti. Dogon tebur, zabi a kan kujeru kowace da tabarau, Alhaji Lawandi a tsakiya. Zabin duk lokaci ɗaya suke magana, kuma ta haka ake gane baki ya zo ɗaya. An riga an rataye Bature a bango, ya kafa wa rufi ido kamar bai taɓa ganin ta ba.

"Injiniya," in ji Alhaji, "kwamiti yana tambaya. Kin duba?"

Ta ji "zan duba" yana tahowa daga maƙogwaronta, da santsi kamar miyar kuɓewa. Ta datse haƙora ta haɗiye shi.

"Na duba, Alhaji. Ba zan goge ba."

Wata zabuwa ta sulale daga kujera, aka yi mata fifita.

"Ina ga ba ki ji tambayar ba ne."

"Na ji ta sarai. Hanyar nan ta girmi kulob, ta girmi ciyawarku, ta girmi wancan da ke rataye. Wadda ke kan makarar can uwata ce. Ko da ba uwata ba ce ba zan goge ba, amma uwata ce."

"Ashe ke 'yar can ce?"

"Yanzu kun ji."

Zabi suka haɗa kai suka yi ta ƙara. Da suka gama Alhaji ya faɗi hukunci: hannun da take zane da shi, tunda kulob ne ya ɗauke shi aiki, a nan zai zauna. Zabuwar da ke sakatariya ta sauko, ta kama hannun Barira na dama, ta murɗa shi kamar murfin kwalba, ya fita. Babu jini, babu ciwo. Aka sa shi a akwatin da mambobi ke ajiye takalma, aka kulle.

"Kuma ki sani," in ji Alhaji, "babu otal ko makaranta a garin nan da za ta sake kiran ki zane. Masu su duk ga su a kan teburin nan."

Zabi suka gyaɗa kai. A nan Barira ta ji tsoro na gaske. Ta tuna shekarun da ta yi tana koya wa hannun nan jan layi, tun ana yi mata dariya a aji ita kaɗai mace. Daga cikin akwatin tana jin sa yana ƙwanƙwasawa a hankali, yana kiran ta. Da ta ce ta sake shawara da yanzu an mayar mata da shi. Ta san haka, su ma sun sani, shi ya sa suke jira.

"Ku riƙe shi," ta ce. "Ba da hannu ake tafiya ba."

Sai ga ta a gaban makara. Ta tuɓe takalma ta ajiye a gefen hanya.

"Allah gafarta Malam, mu je."

"An ba da izini?" in ji Malam Sallau.

"A'a."

"To, bismilla."

Suka taka ciyawar. Sanyinta ya ratsa tafin ƙafar Barira. Tafintan nan mai jar hula ya rugo yana ɗaga hannu, wai ciyawa tana tambaya su wane ne waɗannan. Malam Sallau ya ce a gaya mata masu gida ne.

Can nesa aka kaɗa ƙararrawa, aka ji muryar Alhaji yana cewa wasa ya ci gaba. Mambobi suka jeru a kan tudun bugu, inda ake fara buga ƙwallo, suka ɗaga sanduna. Ƙwallon farko a kafaɗa ta sami Barira, kuma zafin ba na mafarki ba ne. Ta biyu a ƙauri. Ta ciji leɓe, ba ta sunkuya ba. Ƙwallaye suka yi ta zubowa farare kamar ƙanƙara. Masu makara suna ta salati. Inna ta juye gyaɗarta a gefen zani, ta kifa farantin a kai, ƙwallaye suna dukan sa ƙwal, ƙwal.

"Ke 'yar nan, rage sauri," in ji Inna. "Ina so in ga wurin."

Ƙartin nan suka ƙara ja, hanya ta ƙara tsawo. Wasu suka turo dutsen guga a bayansu, duk inda ya bi sai jan ya ɓace ya koma kore. Amma duk inda ƙafa ta taka a gaba sai jar ƙasa ta sake fitowa. Suna tafe ana gogewa, ana gogewa suna tafe.

Daidai gindin tsamiya Alhaji Lawandi ya sha gabansu a 'yar motarsa. Dokokin kulob yake ta karantowa da ƙarfi don ta yi gudu. Ya yi shiru, ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Ku koma! Filin mambobi ne!"

"Alhaji," in ji Barira, "kai ranar taka ta ina za a bi da kai?"

"Mambobi ba sa mutuwa. Daina zuwa suke yi."

Yana faɗin haka wata ƙwallo ta sami ɗaya daga cikin masu ɗauka, wani dattijo Tanimu mahauci, a ƙoƙon gwiwa. Ya durƙushe. Kusurwar makara ta yi ƙasa, gyaɗa ta watse, Inna ta fara zamewa. Barira ta kai hannu za ta tare, sai ta tuna babu hannun. Na hagun bai kai ba.

Inna ta riƙe gefen makara, ta kalli Alhaji ido cikin ido.

"Kai, ɗan gidan wa ne kai? Kana ganin makara za ta faɗi kana zaune? Kama nan!"

Bakin Alhaji ya fara jawo wata doka, amma ƙafafunsa ba su jira shi ba. Shi ma a unguwa aka haife shi, ya sha ganin ubansa yana jefar da abin da ke hannunsa ya tare makara. Kafin ya kai ƙarshen maganar ya sauko, kafaɗarsa ta shiga ƙarƙashin itacen. Hular ranar ta faɗi, Tanimu mahauci ya zauna a kanta yana murza gwiwa.

Aka ci gaba da tafiya. Mambobi ba su daina bugu ba. Alhaji ya yi musu tsawa su tsaya, amma shugaba in ya sauka daga motarsa ba a jin muryarsa. Wata ƙwallo ta same shi a ƙeya, wata a ƙugu.

"Wannan ba zai canza hukuncin kwamiti ba, Injiniya," ya ce yana haki.

"Ɗauki dai, Alhaji. Gyara kafaɗa, kana karkatar da ita."

Ya gyara.

Haka suka fita daga ciyawar, suka hau jar ƙasa zalla, har bakin maƙabarta inda bishiyar dogon yaro ta yi inuwa. Inna ta sauke farantin daga kai, ta yi sallama. Daga ciki aka amsa mata a hankali, kamar yadda maƙwabta ke amsawa ta bayan katanga. Ta leƙa, ta ga wurin da ya rage kusa da ɗan'uwanta, ta daɗe tana kallon sa. Barira ta kau da kai don kada a ga idonta.

"Hanya ta yi," in ji Inna. "Sai dai gangaren can na gindin tsamiya ku riƙa bi a hankali, yana girgiza mutum. To, ku mayar da ni, na bar wake a wuta."

"Ta ina?" in ji Alhaji.

"Ta inda muka zo mana."

Ya dubi Barira, zufa tana ɗiga daga gemunsa. "Wai sake ratsawa za a yi?"

"Yau, da gobe, da duk ranar da aka yi rasuwa a Gangare."

Suka juya da makarar. Mambobi sun ƙaru, sun cika tudun bugu har sun gangaro, zabi sun jeru a gabansu, balbela tana gefe da ƙafa biyu. An ƙara wa dutsen guga garwashi, ya yi jajir, kuma yanzu babu mai tura shi, da kansa yake tahowa a kan hanyar yana ruri. Barira ta kama bakin mayafinta da haƙora, ta ja ɗaya bakin da hannun hagu, ta ɗaure shi tam a ƙugu. Ba ta waiwaya ta ga ko suna biye da ita ba, tana jin takunsu. Ta sa ƙafa a kan ciyawa. Dutsen gugar yana matsowa, zafinsa yana dukan fuskarta, rurin yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har ya cika mata kunne.

Ta buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar, mata suna ta ajiye robobi a bakin ƙofa. Gari ya waye.

Ta ɗan zauna a bakin gado har bugun ƙirjinta ya lafa. Sannan ta jawo waya ta kira Gangare. Sai da ta toshe ɗaya kunnen ta ɗaga murya saboda ƙarar injin.

"Inna, ina kwana? Ki shirya, ina nan zuwa in ɗauke ki. Taro za ki raka ni."

"Ni? Wane irin taro kuma da tsufana?"

"Na manyan kulob ne, kan maganar hanyar maƙabarta. Ki ɗaura zaninki mai kyau, kuma ki biya ki gaya wa Malam Sallau akwai wuri a mota."